Iska Ta Ɓarauniyar Hanya: Ciwon Da Ke Cin Baburan Kasuwar Bodija

Duk wanda ya san Kasuwar Bodija ta birnin Badun ya san cewa manyan motoci ne ke kawo mata wake da masara da albasa da tattasai daga Arewa, amma babura ne ke fitar da kaso mai yawa na kayan nan zuwa lungunan gari. Gwamnatin Jihar Oyo ce ta buɗe kasuwar a 1987, ko da yake Hausawa sun daɗe a birnin kafin nan, domin unguwar Sabo tun 1916 aka kafa ta, zamanin da fataucin goro da shanu ke tashe. A yau sana'ar acaɓa, wadda a Kudu ake kira okada, ta shiga sahun sana'o'in da ke kai samarinmu can, musamman bayan da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana ta a waɗansu sassa cikin Fabrairun 2020, har waɗansu masu babura suka nufi Badun.

Akasarin baburan nan ƙanana ne masu silinda ɗaya, irin su Bajaj Boxer, kuma da kafireto suke aiki. Suna da wani ciwo mai wuyar ganewa wanda ke raba ɗan acaɓa da kuɗinsa a gareji ba tare da an taɓa inda cutar take ba, watau shigar iska cikin inji ta ɓarauniyar hanya.

Aikin kafireto shi ne gauraya fetur da iska bisa awo, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, in da nauyi aka auna. Daga kafireto garin yakan bi ta wani ɗan gajeren wuya na roba, ko na ƙarfe mai gasket, ya faɗa kan silinda. To, idan zafin inji da jijjigar hanya da tsufa suka tsaga robar nan, ko ɗaurinta ya saki, sai fistin ya riƙa zuƙo iskar da kafireto bai auna ba, mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa.

Abin da ke rikita mutane shi ne ciwon ba ya nuna kansa sosai a kan gudu. Lokacin da aka murɗa totur, iskar da ke shiga ta hanyar halal tana da yawan da 'yar tsaga ba za ta yi tasiri ba. Amma a silo, sa'ad da ƙofar kafireto ke kusan rufe, zuƙar da ke bayanta takan yi ƙarfi ƙwarai, sai 'yar ɓular da ido ba ya gani ta zama babbar ƙofa. Don haka ne za a ga babur ya ƙi tashi da safe sai da cok, in ya yi zafi kuma silonsa ya hau sama, in an saki totur ƙarar ta ɗan maƙale kafin ta sauko, wani lokaci salansa ta riƙa tartsatsin ƙara a gangara. Idan aka kwance fulogi aka tarar da bakinsa ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, to, shaida ta ƙaru.

A nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Mai babur yana tsaye a kan bakanike, fasinja na wucewa, ga balas na jiransa da yamma, ko biyan bashin babur ɗin na mako. Sai bakanike ya ɗauki sukundireba ya juya kusar silo da ta iska har ƙarar ta daidaita, ya karɓi kuɗinsa. Wannan kuwa rufe kura da fatar akuya ne, domin tsagar tana nan, an dai ƙara wa injin mai ne don ya cike giɓin. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ran 29 ga Mayun 2023, ba ɗan acaɓan da zai raina man da ke tafiya ta haka. Wanda aka bari ba a ƙara masa man ba kuwa, nasa ya fi muni: garin da mai ya yi wa kaɗan yana ƙona inji da zafi, kuma waɗannan injuna iskar hanya ce kaɗai ke sanyaya su. Babur mai ɗauke da buhun albasa da mai buhun, yana hawan tudun Mokola cikin cunkoso, ba ya samun wannan iska, sai bawul ya ƙone, aikin 'yar roba ya koma na sauke kan inji.

Gwajin da ƙwararrun makanikai ke yi ba ya bukatar wata na'ura. Akan bar injin ya yi ɗumi, a kafe babur a kan tsayuwar tsakiya, a bar shi a silo. Da farko a kama kafireto da hannu a ɗan girgiza shi. In ƙarar ta sauya, wuyan nan ne. In ba ta sauya ba, sai a fesa maganin wanke kafireto kaɗan-kaɗan a kan mahaɗar, gefe ɗaya bayan ɗaya, har da ƙarƙashi inda tsaga ta fi ɓuya, ana saurare. Duk inda aka fesa injin ya ɗaga murya ko ya yi tuntuɓe, nan ɓarauniyar hanyar take. Dole ne a kiyaye kada feshin ya shiga bakin matatar iska, don zai ba da amsar ƙarya. Maganin nan yana kama wuta, saboda haka waɗansu sun fi son fesa ruwa, wanda kan sa silon ya faɗi na ɗan lokaci idan ya toshe ɓular. Masu ɗiga fetur a kan inji mai zafi kusa da wayar fulogi kuwa, ganganci suke yi, balle a bakin kasuwa mai rumfunan katako.

Waɗansu babura suna da ƙananan tiyo da ke fita daga wuyan, kamar wanda ke buɗe famfon mai da zuƙar inji, su ma sukan bushe su tsage a baki.

Idan an bi duka ba a ji sauyi ba, sai a koma ga makamantan ciwon. Ƙaramin jet na silo yakan toshe da dattin mai, alamunsa kuma su yi kama da na yoyon iska. Bawul da ya matse shi ma yana hana tashi da safe. Wayar totur mai maƙalewa kuwa da sauƙin kamawa: a juya kan babur dama da hagu, in ƙarar ta hau, ita ce.

Maganin tsagaggen wuya shi ne sabo. Naɗa masa robar tif ko shafa masa gam yana iya kai mutum gida, amma fetur da zafi ba sa barinsa ya daɗe. Wajen ɗaurawa a sa sabon gasket, a riƙa ɗaure notin biyu bi da bi, kada a matse ɗaya har ƙarshe, domin hakan na lanƙwasa bakin ya bar wata kafar. Bayan nan ne za a mai da kusoshin kafireto mazauninsu na asali, a yi kwana biyu ana aiki, a sake kwance fulogi a duba launinsa.