Me ya sa wata yake fitowa ƙato a ido, amma ɗan ɗigo a hoton waya?

A daren sha huɗu, dab da magariba, wata kan leƙo daga gabas ƙato, jajir, kamar faifai a bayan rufin gidaje. Sai mutum ya zaro waya ya ɗauka, amma abin da zai gani a hoton ɗan farin ɗigo ne. Da yawa sukan ɗora wa kyamara laifi, wasu har su fara lissafin sauya waya. Alhali kuwa kyamarar ba ta yi ƙarya ba.

Wata ba ya ƙara girma don yana ƙasa-ƙasa. Nisansa da duniya kimanin kilomita 384,400 ne, kuma a lokacin fitowarsa ya fi nisa da mai kallo da kusan kilomita 6,000 a kan lokacin da yake tsakiyar sama. Iska da ƙura, musamman a lokacin hazo, suna sa shi ya yi ja, amma ba sa faɗaɗa shi.

Ƙwaƙwalwa ce ke yin aikin. Tun a ƙarni na 11 masanin nan Ibnul Haisam ya bayyana cewa lamarin yana cikin yadda mutum ke kintata nisa. Idan wata yana ƙasa, akwai bishiyoyi, gidaje da hasumiyar masallaci tsakaninsa da mai kallo. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka yana can nesa ƙwarai, ta kuma yanke cewa abin da ke nesa haka amma ake ganinsa sarai, lalle ƙato ne. Idan ya hau sama shi kaɗai, babu abin gwada shi da shi.

Kyamara ba ta wannan kintace. Babbar kyamarar waya tana kwaso fili mai faɗin digiri 70 ko makamancin haka, wata kuwa rabin digiri kawai yake ci.

Gwajin ba wuya. A miƙe hannu sosai a rufe watan da farcen ɗan ƙaramin yatsa yana fitowa, a sake gwadawa da tsakar dare. Farce ɗaya zai rufe shi duka biyun.

Mai son hoto mai kyau sai ya jingina wayar a kan katanga, ya jawo watan da kyamarar nesa idan wayar tana da ita, ya taɓa shi a fuskar wayar ya rage haske, sannan ya bar bishiya ko hasumiya ta shigo hoton. Ita ce za ta dawo da girman da ido ya gani.