Waƙoƙin Shata Suna Cikin Waya, Asalinsu Fa?

A kasuwar Mahuta, kamar sauran kasuwannin da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, da wuya ka rasa mai rumfar cajin waya da zai loda maka waƙoƙin Mamman Shata a memori da 'yan kuɗi kaɗan. Manomi ya rataya wayarsa a reshe, yana huɗar masara, kalangu na tashi. Ganin haka sai a ɗauka waƙoƙin sun tsira. Amma abin da ke yawo a wayoyin kwafi ne na kwafi, an ɗauko daga kaset ɗin da zarensa ya sha zafin bazara da laimar damina. Farkon waƙa a yanke, muryar 'yan amshi a dishe, babu shekarar ɗauka, babu sunan makaɗi ko ɗaya. Shata ya daɗe zaune a Funtua, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, amma har yau jikokin masu sauraronsa ba sa jin sautinsa yadda ya fito a faifan EMI ko a zaren Rediyon Kaduna.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da ake iya yi. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon Yamai a 1978, kaset ɗin ya kwanta shekaru har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, aka gayyaci mai shi Turai ya yi wasa da ransa. Haka jerin Éthiopiques, da aka fara a Faransa a 1997, ya dawo wa duniya da jaz ɗin Mulatu Astatke na Habasha. Aikin iri ɗaya ne: a nemo zaren asali, a tsaftace sautin, a rubuta wa ya kaɗa, yaushe, a ina, sannan a yi yarjejeniya da mai haƙƙi.

Masu cewa Turawa ne ke kwashe ribar irin wannan aiki suna da hujja, don faifan da aka buga a Turai ba ya zuwa hannun ɗan Mahuta. Sai dai ƙin yin aikin bai sa magada sun samu ko sisi daga masu lodi ba. Kuma Bature ba zai san wane basarake ko attajiri Shata ke wasawa a wata waƙa ba, dattijon Funtua ko Bakori ne ya sani, su kuwa irin waɗannan dattawan kullum raguwa suke. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun tattara tarihin Shata a littafi a 2006. Sautin ne ya rage, shi da na Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji, kuma jami'o'in Katsina da Zariya da gidajen rediyonmu ne mafi kusa da zarurrukan da kuma magadan.