Dutsen da Ke Narkewa Cikin Wuta: Gishirin Aikin Tangaram

Randar ƙasa tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta yake sanyi. Amma kwanon wanke hannu da mazaunin makewayi na tangaram, in suka sha ruwa, sun zama maɓoyar cuta. Don haka ƙa'ida ba ta yarda su tsotsi ruwan da ya kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsu ba.

Abubuwa huɗu ake cuɗawa wajen yin su: yumɓu mai danƙo, farar ƙasa, garin ma'adinin yashi, da wani dutse mai suna feldispat, wanda yakan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin. In zafin tanderu ya kai digiri 1200, shi ne yake narkewa ya zama gilashi, ya cike ƙofofin yumɓun. Sai dai haƙo shi da jigilarsa daga ƙasashe irin su Turkiyya suna cin kuɗi, wutar kuma tana lanƙwame iskar gas mai yawa. Wannan ne ya sa masu masana'antu suka shiga neman madadinsa.

Na farko shi ne nefelin siyenit, wanda ake haƙowa a tsibirin Stjernøya na Norwe da lardin Ontariyo na Kanada. Ya fi feldispat yawan sodiyom da potasiyom, don haka ya fi shi saurin narkewa. Na biyu shi ne sipodumen mai ɗauke da litiyom. Kaɗan daga gare shi ya isa, amma masu ƙera batur sun sa kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022. Na uku, fasassun kwalabe da ragowar dutsen giranit. A Civita Castellana ta Italiya, wani shiri da Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 2013 zuwa 2017 ya nuna cewa da su ana iya rage zafin gashi da kusan digiri 80.

Amma akwai hattara. In narkakken dutsen ya cika ruwa-ruwa, sai kwanon ya lotsa cikin tanderu, gashin kwana guda ya tafi a banza. Saboda haka ba a musanya feldispat gaba ɗaya: ana rage shi kaɗan-kaɗan, ana gasa ƴan sanduna na gwaji, a auna iyakar lanƙwasarsu kafin a zuba haɗin cikin zubi.