Lita 180 a Rana: Aikin Ƙoda da Dalilin Shirunta

Jinin da ke jikin baligi kusan lita 5 ne kawai, amma ƙodojinsa biyu suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga cikinsa kowace rana. Jinin nan ɗaya ne ke ta zagayowa, ya shiga ya fita, dare da rana. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da zuciya ke bugowa ƙoda yake nufa, alhali girman kowace bai fi dunƙulen hannu ba. Suna can baya, dama da hagun ƙashin baya, a ƙarƙashin haƙarƙari.

Kowace ƙoda na ɗauke da matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani. Matata tana farawa da ƙullin siraran jijiyoyi, inda ƙarfin jini ke matso ruwa waje tare da gishiri da sukari da datti. Ƙwayoyin jini da furotin sun yi girma, ba sa wucewa. Da a nan aikin ya tsaya, da mutum ya tsiyaye ƙaf kafin awa guda. Sai ruwan ya bi wani siririn bututu mai lanƙwasa, a nan ne ƙoda ke karɓe abin da jiki ke bukata: sukarin duka, yawancin gishirin, da kusan kashi 99 cikin 100 na ruwan. Kamar dai matar da ta juye buhun gero kacokan a tabarma, ta kwashe tsabar, ta bar tsakuwa da ƙaiƙayi. Ragowar, lita ɗaya zuwa biyu, ita ce fitsari. Cikinsa akwai yuriya, dattin da hanta ke haɗawa daga ragowar furotin na nama da wake da ƙwai. Bututu biyu ke gangarar da fitsarin zuwa mafitsara, wadda ke riƙe kusan rabin lita.

A ganina, wannan karɓewar ta fi tacewar ban mamaki, domin tana tafiya da halin da jiki ke ciki. Mai azumi a zafin bazara zai ga fitsarinsa ya ragu, ya yi duhu da la'asar. Ƙwaƙwalwa ce ta ji jini ya fara kauri, ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Bayan buɗa-baki, in an sha ƙoƙo biyu na ruwa, sai umarnin ya janye, fitsari ya yi fari. Huhu na fitar da gurɓatacciyar iska, fata na fitar da zufa, amma awon ruwa da gishiri a hannun ƙoda yake.

Ita ce kuma ke taimakawa wajen daidaita ƙarfin jini, ta aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ta kammala sarrafa bitamin D domin ƙashi. Shi ya sa mai ciwon ƙoda kan yi fama da ƙarancin jini da kasala.

Matatan sun yi yawan da mutum zai rayu lafiya da ƙoda ɗaya. Alherin nan shi ne kuma tarkon, don ana iya rasa fiye da rabin aikinsu ba tare da jin komai ba. Mutanenmu da baya ya sara sai su ce ƙoda ce, alhali yawancin ciwon baya na tsoka ne ko ƙashi. Tsakuwar ƙoda kam tana sa ƙato ya yi birgima, amma lalacewar da ciwon sukari da hawan jini ke yi, waɗanda su ne manyan dalilai, shiru take tafiya shekara da shekaru. Haka ɗirkar magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen kullum, da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, da man bilicin mai ɗauke da makuri. A Gashuwa ta jihar Yobe ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutane fiye da kima.

Kafin fuska da ƙafa su kumbura, sau da yawa ɓarna ta yi nisa. Daga nan sai wankin ƙoda, galibi sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, ga kuɗin da ke cinye gona da gida. Ko kuma dashe, wanda aka fara cin nasararsa a Boston ta Amurka a 1954 tsakanin wasu tagwaye, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara yi a 2002.

Gwajin da ke tona ciwon tun yana ɓoye ba shi da wahala: a duba furotin a fitsari, a auna sinadarin kiriyatinin a jini. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya kamata ya nemi a yi masa su aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau.