Kiton a Fitsarin Mai Ciki: A Bar Hana Ta Abinci

Ƙanwata ta dawo daga awo fuska a yamutse, kati a hannu. "Yaya, wai suga gare ni," ta ce. Da na duba katin, abin da ungozoma ta rubuta shi ne kiton da alamar ƙari biyu. Gurbin suga babu komai. Amma kafin la'asar gwaggonmu ta yanke hukunci: ba tuwo, ba shinkafa, ba koko, sai ganye da ruwan shuwaka. Na gaji da ganin irin wannan likitancin tsakar gida, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kiton sinadari ne da hanta ke haɗawa idan jiki ya rasa isasshen suga ya koma ƙona kitse. Rarar da ta saura takan fita ta fitsari, tsinken gwaji kuma ya rine zuwa shunayya. Shi ke nan.

Na tambaye ta abin da ta ci kafin ta fita. Ta ce ba ta ci komai ba, sammako ta yi don ta kama layi. Rabonta da abinci tun ƙarfe 8 na dare, fitsarin kuwa sai ƙarfe 11 na safe aka karɓa. Awa 15 ke nan da ɗa a ciki yana zuƙar suga daga jininta ba dare ba rana. Me ake so jikinta ya ƙona in ba kitse ba? Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1982 Boyd Metzger da Norbert Freinkel na Amurka sun wallafa bincike a mujallar Lancet kan mata masu tsohon ciki da suka tsallake karin kumallo, suka nuna cewa kiton ɗinsu na hawa da sauri fiye da na matan da ba su da ciki. Yunwar da wata za ta jure lafiya, mai juna biyu tun hantsi jikinta ya fara cin ajiya.

To ku dubi aika-aikar da ake yi. Mace ta zo da alamar yunwa, sai a yi mata magani da ƙarin yunwa. A hana ta hatsi, gobe kiton ya ƙaru, a ce ai ga shi sugan ya yi ƙarfi, a ƙara tsuke mata. Wannan shi ne ana magani kai yana kaba. Tsinken gwaji yana da gurbin suga daban, na furotin daban, na kiton daban, kuma ba wanda ke wakiltar wani. Ciwon sugan ciki da jini ake tabbatar da shi, galibi tsakanin mako na 24 da na 28, inda ake ba mace ruwan gulukos giram 75 ta sha a auna. Gwaggo ba ta da na'urar wannan gwaji a ɗakinta.

Akwai kuma masu rage wa mai ciki abinci da gangan, wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Ku ji tsoron Allah! Abin da horon yunwa ke jawowa shi ne ƙarancin jini, kasala, da jariri ɗan firit da bai kai kilo 2.5 ba. Ita da za ta yi naƙuda, da wane ƙarfi za ta yi yunƙuri? Ko masu ciwon sugan gaske, likita tsara musu cin hatsi yake yi, ba ya hana su gaba ɗaya.

Kada kuma a ce na ce kiton ba komai ba ne. Idan mace tana da ciwon suga, ta ga ƙari biyu ko fiye, ga amai, ciwon ciki, ƙishirwa da numfashi mai zurfi, a nufi asibiti a wannan sa'a ko da tsakar dare ne. Jini ne ke yin tsami, yana iya kashe ɗan ciki, kuma ga mai juna biyu yakan faru ko sugan bai hau sosai ba. Haka mai laulayin da ko ruwa ba ya zama a cikinta yini guda, tana ramewa, fitsarinta ya yi kaɗan ya yi duhu: ƙarin ruwa take buƙata, a daina ce mata raki. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa da doguwar naƙuda su ma suna kawo shi.

Ga abin yi, ke mai ciki. Ki karya kafin ki tafi awo, sai in an ce gwajin na buƙatar ki zo ba ki ci ba. Ki ƙulla ayaba, gyaɗa ko dabino a jaka saboda layi. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa 2 zuwa 3 maimakon ki jira tuwon dare. Kafin ki kwanta ki sha kunun gyaɗa ko fura da nonon da aka dafa, don dare ya rage tsawo. Idan kumallo na damun ki, ki ajiye busasshen biskit kusa da gado ki ci kafin ki tashi, ki kurɓi ruwan citta, ki guji ƙaurin suya. Ki sha ruwa har fitsari ya yi haske. Mai allurar insulin kada ta daina don ta kasa cin abinci, ta nemi likitanta. Batun azumi kuwa, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan ta ji tsoro ga kanta ko ɗanta. Ta tambayi likita da malami. Kai kuma maigida, kuɗin koko da ƙosai ranar awo a wuyanka yake.

Ƙanwata ta koma bayan mako biyu da ƙoshinta, gurbin kiton ya fito fes. Gwaggo dai har yau cewa take shuwaka ce ta yi aiki.