Jirgin Faiba a Tafkin Kainji: Yadda Mazubi Ke Rage Tsada

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kwalekwale ya zama abin hawan yau da kullum ga mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga. Da shi ake su, da shi ake zuwa kasuwa. Sai dai katako yana tsada, kuma ruwa yana cin sa. Hatsarin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda jirgi maƙare da fasinja ya nutse da mutane masu yawa, ya nuna cewa ingancin jirgi batu ne na rai. Wannan ne ya sa ya kamata a dubi jirgin faiba, wanda ba ya ruɓewa.

Faiba haɗin abu biyu ne: tabarmar zaren gilas da rezin, wato wani ruwa mai kauri kamar zuma wanda yake daskarewa idan an ɗiga masa magani. Ana shimfiɗa su ne a cikin mazubi mai siffar jirgi, kamar yadda mai buga bulo yake da abin zubinsa. Mazubin nan shi ne babban jari, domin guda ɗaya yana iya fitar da jirage masu yawa.

To, ina hanyar sauƙi? Da farko, ba sai an sassaƙa sabon samfuri ba. Ana iya gyara kwalekwalen da masunta suka yaba da tafiyarsa, a goge shi sumul, a ɗauki mazubi a jikinsa. Na biyu, a riƙa shafa kaki kafin kowane zubi, don kada jirgi ya manne ya ɓata mazubin. Na uku, a yi awo da sikeli: rezin kilo 2 zuwa 2.5 ga kowane kilo na tabarma, magani kuwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Zafi yana gaggauta daskarewa, don haka a yi aiki da sanyin safiya, a dama kaɗan-kaɗan, a wuri mai iska saboda tiririn rezin.

Haka kuma, maƙera da yawa suna iya tarayya a kan mazubi ɗaya, kuɗinsa ya rabu a tsakaninsu. Amma fa kada a rage kaurin jirgi ko soson da ke hana shi nutsewa da sunan tsimi, domin asarar rezin ake so a rage, ba ƙarfin jirgi ba.