Mawaƙan Sawaba: Waƙar da Ba Ta da Ubangida

Sanannen abu ne ga duk wanda ya yi nazarin kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa cewa makaɗi ba ya zama sai da ubangida. Mai taushi da mai kotso suna fada, mai kalangu yana bin mahauta, mai gangar noma yana bayan manoma, kowa da inda ya ke cin abincinsa. Bature M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana a cikin maƙalarsa ta 1957 yadda roƙo ya ke tsare martabar manya, domin maroƙi shi ne ya ke shelar asalin mutum da muƙaminsa a bainar jama'a. Ko zambon da makaɗin fada ya kan yi, ai don ubangidansa ya ke yinsa, ya ƙasƙantar da 'yan'uwan sarki masu neman sarauta. Saboda haka bakin mawaƙi, ko da ya yi kaifi, ba ya yanka hannun da ya ke ciyar da shi.

A cikin shekarun 1950 aka sami wata ƙungiyar mawaƙa da ta saɓa wa wannan tsari, watau mawaƙan jam'iyyar NEPU, waɗanda a ke kira 'yan Sawaba. Ba su da fada, ba su da gidan rediyo, yawancinsu kuma ba su da ko ganga. Masu nazarin kiɗan Turai sun san irin wannan hali a wurin samarin Ingila da Amurka da suka fito da kiɗan pank wajen 1976, suna buga faifansu da 'yan takardunsu da kansu, har gidan rediyon BBC ya hana sa faifan ƙungiyar Sex Pistols a 1977, shekarar da Sarauniya ta cika shekara 25 a gadon sarauta. Kwatancin yana da amfani ta fuska ɗaya: duka biyu waƙa ce da hukuma ba ta so, ta kuma bi ta ƙarƙashin ƙasa ta kai ga masu sauraro. Amma fa a nan kamar ta tsaya. Samarin Ingila sun yi wa al'adar iyayensu tawaye ne gaba ɗaya. Mawaƙan Sawaba kuwa almajirai ne da 'ya'yan malamai, da Alƙur'ani da littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo su ke kafa hujja, suna cewa masu mulki ne suka bar tafarkin masu jihadi.

Zariya tana da babban rabo a cikin wannan tarihi, kuma dalilin yana cikin yadda garin ya ke a shimfiɗe. Akwai birni cikin ganuwa, inda fada ta ke. Akwai Tudun Wada a bakin ƙofa, mazaunin baƙi 'yan Arewa da ma'aikata, inda a da a ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara a 1939, inda kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Akwai Sabon Gari kusa da tashar jirgin ƙasa, sa'an nan hanya ta miƙe ta Hanwa zuwa Samaru, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Kano da Kaduna da Gusau, ƙaramin jirgin nan na Bauci kuma ya haɗa ta da Jos har zuwa 1957 da aka rufe hanyarsa. Waƙar da aka rera a Jos ko a Kano ba ta daɗewa sai a ji ta a bakin leburori da 'yan tireda a Sabon Gari. Mutumin da ya ke zaune a bayan ganuwa, ba gidan ubansa a gari, ba gonar da dagaci zai karɓe, shi ya fi samun bakin magana.

A nan Zariya ne Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauci, ya yi aikin koyarwa a farkon shekarun 1940, ya kuma tara matasa masu ilmin boko suna muhawara a kan halin da Arewa ta ke ciki. Shi a ke ɗauka uban wannan salo. Sai dai ya kamata malamai masu koyar da waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya su lura da abin da ta ƙunsa, gama a kan yi mata gurguwar fahimta. Ba ta nemi a kawar da sarauta ba. Gargaɗi ta yi wa sarakuna su gyara mulkinsu, su yi adalci, su rungumi ilmi, kada guguwar jumhuriya ta share su. Wanda ya ƙetare wannan iyaka shi ne Mudi Sipikin na Kano, da ya mayar da martani da waƙarsa Arewa Jumhuriya Kawai. Sa'adu ya rasu a 1958, bai ga ranar mulkin kai ba.

An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Mudi Sipikin yana cikin waɗanda suka kafa ta, Malam Aminu Kano kuma ya zama shugabanta a 1953. Takardar manufofinta ta raba jama'ar Arewa gida biyu, talakawa da masu riƙe da En'e, wannan rabo kuwa shi ne ƙashin bayan waƙoƙinta duka. A zaɓen 1951 jam'iyyar ta yi rinjaye a matakin farko a Kano, amma zaɓen mai hawa-hawa ne, kafin a kai matakin ƙarshe an tace 'yan takararta sarai. Jam'iyyar da aka toshe wa majalisa, jaridar Gwamnati kuma ba tata ba, sai ta koma ga abin da ba ya bukatar izni, watau baki da kunne. Mawaƙa irin su Gambo Hawaja a Jos da Aƙilu Aliyu mutumin Jega suka zama kamar jaridunta masu tafiya da ƙafa.

Yadda a ke shirya waƙar ya isa a tsaya a kansa. Rubutacciya ce, da ajami galibi, a kan karin da aka gada daga waƙoƙin wa'azi, mai ƙwar biyu ko ƙwar biyar, da ƙafiya guda daga farko har ƙarshe. A kan buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, kamar yadda malamai su ke yi, sa'an nan a gangaro kan haraji da jangali da aikin tilas da rashawa a ɗakin shari'a. Wannan zubi ya yi aiki biyu. Ya sa talaka ya karɓi maganar da kunnen da ya saba karɓar wa'azi, ya kuma wahalar da wanda zai ce mawaƙin ɗan iska ne, tun da ya ke rigar malamai ya sa. A wurin lacca mawaƙi ya kan miƙe kafin shugabanni su yi jawabi, ya rera ba kiɗa, jama'a suna karɓa masa amshi. Amshin shi ne makami. Baiti hamsin sai mai takarda, amma amshi ko mai tallan goro ta ji sau biyu ta riƙe. In 'yan doka sun ƙwace takardar, waƙar tana nan a ka.

Hukuma ba ta raina abin ba. Lacca sai da takardar izni daga En'e, En'e kuwa ita a ke suka a wurin laccar. Wanda aka kama da laifin zagin sarki ko ta da hankali gaban alƙali a ke kai shi, inda lauya ba ya shiga, hukunci kuma ɗauri ko bulala ko tara. A 1958 Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa wadda ta hana wanda bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, aka kai ƙara Babbar Kotu a 1960, kotu ta tabbatar da dokar. Duk wanda ya san yadda yara su ke yaɗa waƙa a unguwa da dare ya san abin da dokar ta rufe wa baki. A Sabon Garin Zariya Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar tana yarinya, ta shugabanci matanta, an kuwa lissafa ɗaurin da ta sha har sau 16. Abin lura a nan shi ne matan da su ke cika wurin lacca suna karɓa amshi ba su da ƙuri'a, domin matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976.

Ba daidai ba ne a mai da waɗannan mawaƙa waliyyai. A cikin waƙoƙinsu akwai hikima da azanci, akwai kuma zagi tsirara da ƙage da kafirta abokin hamayya. NPC ita ma tana da nata marubuta masu mayar da martani da irin wannan harshe, ga kuma manyan makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo suna yi wa Sardauna waƙa. Haruna Abdullahi Birniwa ya jera waƙoƙin sassan biyu ya gwada su a kundinsa na digirin dakta a Jami'ar Sakkwato a 1987. Wanda ya karanta su gefe da gefe zai ga kari ɗaya ne, ƙafiya iri ɗaya, ayoyin ma sau da yawa guda ne. Abin da ya bambanta su shi ne wanda a ke nuna wa yatsa, da wanda zai kwana a gidan yari bayan an watse.

Kalmar Sawaba ta ƙetare iyaka. A Nijar jam'iyyar Jibo Bakari ta ɗauki sunan, ta ƙi amincewa da tayin Faransa a ƙuri'ar 1958, aka haramta ta a 1959, magoya bayanta da dama suka fake a Kano da sauran garuruwan Arewa. A Nijeriya soja sun rushe jam'iyyu a 1966, waƙar ta kwanta. Da aka dawo siyasa a 1978 sai PRP ta gaji mutanen NEPU da salonsu, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, Zariya tana cikin ta biyun. A tsakanin nan waɗansu mawaƙan sun shiga littafi. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙin Mudi Sipikin a 1971, waƙoƙin Aƙilu Aliyu kuma suka zama abin karatu a makarantu. Amma waɗanda aka zaɓa aka buga yawanci na ilmi ne da gargaɗi da kishin harshe. Masu zafin, na wurin lacca, sun fi zama a rubutun hannu da kaset da ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan jam'iyya. Ɗalibin da ya tsaya ga littafin makaranta rabin mawaƙin kaɗai ya sani.

Tsohuwar hanyar ta sake buɗewa bayan shekara hamsin, ko da ya ke ba siyasar jam'iyya ta buɗe ta ba. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsananta daga 2007, aka ɗaure Adam A. Zango a wannan shekara saboda faifan bidiyonsa Bahaushiya. Mawaƙa suka mayar da martani da habaici da addu'a a kan azzalumi, ba su ambaci suna ba. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, cikinsu har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmed Hausawa da Hasbunallahu ta Aminu Ala, aka kuma kama Ala ɗin. Waƙoƙin ba a kasuwa su ke ba balle a ƙwace su. Daga waya zuwa waya samari su ke tura wa juna, a tashar mota da shagon caji, kafin mako ya zagayo sun kai Kaduna da Zariya.